Inda Ake Ajiye Ido

Ranar da Auta ta fara ganin Dogo, kuka take yi a gaban injin fotokwafi na ɗakin karatun jami'a. Wata biyu ke nan da barinta gida zuwa karatu ƙasar waje, komai sai ƙin ta yake yi, yau har injin ya ƙi karɓar katinta. Ta daki gefensa ta ce, "Har da kai?"

"Ba ya jin Hausa," wani ya ce a bayanta. "Shekara shida ina gwada shi."

Ta juyo. Wani siririn saurayi ne dogo, ɗalibi mai aikin wucin gadi a wurin, rungume da littattafai har haɓa. Ya karɓi katin ya juya shi, ashe a kife take sa shi. Ita kuwa da ta ji harshen gida, sai bakinta ya ɓalle, ta zayyana masa abin da ya sa ta kuka.

Farfesarta ce ta kira ta ofis kan takardar da ta rubuta. Auta ta zauna yadda aka tarbiyyantar da ita, kai a sunkuye, ido a kan takalmi. Matar ta gama tambayoyinta ta ce ba ta yarda ita ta rubuta ba, wai mai gaskiya ba ya ɓoye ido. Ta ba ta mako ɗaya ta dawo ta kare aikin da baki, ko a kai ta gaban kwamiti.

"In aka kore ni, da wace fuska zan koma wurin Baba?" in ji Auta. "Duk dangi sun ce kada ya bar ni in taho, za a lalata masa 'ya. Shi kaɗai ya tsaya min. Abu ɗaya ya roƙe ni, in dawo yadda na tafi."

"Ba mai korar ki. Ki zo gobe, in koya miki rashin kunya."

Kwana shida suna zama a teburin ƙarshe na wurin cin abincin ɗalibai. Ya yi mata tambaya, ta amsa tana kallon sa. Da zarar idonta ya zame sai ya ƙwanƙwasa tebur da cokali ya ce, "Baƙuwa, ina nan sama." A gefensu ɗalibai na kiran malamansu da gatsal ɗin suna, wani ma ya ɗora ƙafa kan kujera yana gardama da malami mai furfura. Wannan kam Auta ta ce ko a mafarki, amma kallon ta dage sai da ta iya.

Ranar da ta fito daga ofis ta tura masa saƙo: "Na kalle ta har sai da ita ta kau da kai. Ta ba ni haƙuri."

"Madalla da ɗalibata. Saura ki daina ce min Malam."

"To me zan ce?"

"Ki yi tunani a hankali, Baƙuwata. Ba inda za ni."

Yo wa zai yi kwana shida yana kallon ƙwayar idon mutum ya tashi lafiya? Kafin shekara ta zagayo Malam ya koma Nawa, kuma Auta ta san tana son sa, so na aure.

Baba tsohon shugaban makarantar firamare ne, ba ya saye sai ya duba. Ya ce a haɗa shi da yaron ta kiran bidiyo. Dogo ya goge kaftani, ya kafa hula, ya zauna ƙiƙam. Don tsabar girmamawa ya zuba wa kyamara ido, ko ƙiftawa ba ya yi, yadda ya saba a gaban manyan jami'a. Auta na gefe, ta taka masa ƙafa bai gane ba.

Washegari Baba ya kira ta. "Ban yarda ba. Yaron nan ya tsare ni da ido kamar ni na je neman aure gidansu. Ƙasar nan ta cinye shi, ba zan bari ta cinye ki ba."

Saƙon Dogo ya shigo da rana: "Na ɓata komai, ko? In Baba ya ce a'a, ba zan shiga tsakaninku ba."

Ta amsa: "Ba ka isa ka janye ba, Nawa. Ka bar ni da ubana."

Ta san abin da zai gyara maganar, ta kuma san zai iya ɓata ta gaba ɗaya. Tsoro take ji sosai. Duk da haka ranar Juma'a ta jingina wayar da kofin shayi, ta kira, ta ɗago kai.

"Baba, ka dube ni. Ni ma haka nake kallon mutane yanzu."

Ta ba shi labarin ofis da kwamiti da cokali, abin da ta ɓoye masa shekara guda. Ta ce, "Da na ci gaba da sunkuyawa, da tuni na dawo maka da sunan ɓarauniyar takarda. Shi ya tsare maka mutuncin da ka ba ni. Ban dawo yadda na tafi ba, Baba, amma ni ce Autarka. In laifi ne, mu biyu muka yi."

Baba ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga. Can ya ce, "Kuka kika yi a ƙasar mutane ban sani ba?"

"Na yi, Baba."

"Ki ce ya sake kira na."

A kira na biyu Dogo ya sunkuya, sunkuyo na gaske. Minti goma Baba na magana, ba abin da yake gani a waya sai saman hula. Har Mama ta leƙo ta tambaya ko wayar ce ta lalace.

"Kai, yaro," in ji Baba, "hula zan aura wa 'yata? Ɗago in ga fuskar da za ta riƙa kallo."

Dogo ya ɗago, ya rasa inda zai ajiye ido, ya kalli Baba, ya kalli tebur, ya kalli Auta. Dariya ta ƙwace wa Baba har da tari.

A dogon hutu aka ɗaura auren, dangin da suka yi ta surutu su ne a sahun gaba. Da za su koma makaranta, suka durƙusa gaban Baba a falo, jakunkuna na bakin ƙofa. Ya dafa kan kowannensu.

"Ku je ku ƙarasa karatunku. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku 'ya'yan da ba za su ji tsoron faɗa muku gaskiya ba."

"Amin, Baba," suka ce tare.