Jirgin Cocin Skarvik

Ranar Asabar, jajibirin buɗe sabon cocin Skarvik, aka ɗaga kai aka ga babu jirgin. Ƙaramin jirgin katako ne da masunta suka sassaƙa don tunawa da waɗanda teku ta ci. Ya tsira daga gobarar yaƙi da ta cinye tsohon cocin, aka rataye shi a rufin sabon.

Kafin ɗan sanda Halvdan Myrvoll ya iso, gari ya gama shari'a: Jentoft ne, mai gadin coci. Kwamitin coci har sun ce ya kwashe komatsansa daga gidan gadi ran Litinin, shi da matarsa Oline, cikin tsakiyar sanyi. Mutanen Skarvik ba sa wahalar neman ɓarawo muddin akwai mai warin giya a kusa.

"Jentoft, ka sha jiya?" in ji Halvdan.

"Yallaɓai, wace rana ce ban sha ba?"

"Hau tsanin can in gani."

Jentoft ya ɗage ƙafar wando, ya ƙwanƙwasa ƙafarsa ta katako. "Da wannan? Ko gado sai Oline ta tura ni."

Akwai wani dillalin kayan tarihi, mutumin Bergen, da ya taɓa taya jirgin. Amma sai da safen nan ya sauko daga jirgin fasinja, yana ta amai, don haka ba shi ba ne.

Halvdan ya hau tsanin da kansa. Ya daɗe yana shafa katakon rufi, ya sauko da shuɗin fenti a yatsa. Daga nan ya nufi gidan fasto, inda Sigvart Brekkhus, wanda ya zana fasalin ginin cocin, ke shan kofi. Brekkhus ya zana coci-coci tun daga kudu har nan, kuma duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya ji lissafinsu.

"Malam Brekkhus, me ka ce da aka rataye jirgin?"

"Na ce sun rataye kwandon kifi a gaban tagata. Hasken nan na yi shekaru ina auna shi."

"Ina ƙugiyar da aka rataye shi da ita?"

"Ni na san ƙugiya? Tambayi mashayinku."

Halvdan ya ɗaga yatsa. "Ɓarawo yakan sauke jirgi ya arce. Wannan kuwa ya kwance ƙugiyar, ya toshe ramin da katako, ya goge, ya shafa fenti daidai launin rufin. Duk Skarvik mutum ɗaya ne rami a rufi zai hana barci."

Brekkhus ya ajiye kofi. "Ba sata na yi ba. Gyara na yi. Coci nawa ne."

"Zanen naka ne. Matattun nasu ne. Ka ji ana korar gurgu daga gidansa, kana nan kana ƙara sukari."

A akwatin tafiyar Brekkhus aka sami jirgin, naɗe cikin bargo.

Da safiyar Lahadi, a gaban jama'a, Halvdan ya miƙa wa Brekkhus ƙugiya da abin huda katako, don ya mayar da jirgin inda yake. A cikin 'yan kwamiti babu wanda ya ba Jentoft haƙuri. Duk sun sunkuya suna duba littafin waƙa.

Jentoft aka ba riƙon tsani. Da Brekkhus ya kai sama, ya leƙo ƙasa.

"Riƙe da kyau, bawan Allah!"

"Ina ƙoƙari, yallaɓai," in ji Jentoft. "Amma ka san ni. Na sha."