Hon Ɗin da Ya Karya Ƙafar Fure

A shekarun da Dutse ta zama babban birnin Jihar Jigawa, motoci suka fara yawa a gari. Ma'aikata sun taso daga Kano da iyalansu, kowa da irin motarsa, kowace mota da irin kukanta.

A unguwar Limawa akwai wata yarinya mai suna Ikilima, 'yar aji biyar a firamare. Tana da ƙoƙari, ga tsafta, ga gaida manya. Matsalarta ɗaya ce: ba ta iya jure a yi mata dariya. Ko jariri ne ya kalle ta ya washe baki, sai ta wuni tana tunanin me ta yi.

Mahaifinta, Malam Yahuza, direba ne. Yana da wata tsohuwar mota shuɗiya da yake jigilar fasinja da ita tsakanin Dutse da Kiyawa. Motar lafiyarta ƙalau. Sai dai hon ɗin da ta zo da shi tun daga kamfani ba shi da ƙara. In an danna shi sai ya ce "fit-fit", kamar ɗan tsakon da ya ɓace wa uwarsa.

Wata rana da aka tashi daga makaranta, Malam Yahuza ya biyo ya ɗauki Ikilima. Ya tsaya a bakin ƙofa ya danna hon, fit-fit.

Wata 'yar ajinsu mai suna Zakiyya, wadda motar babanta sabuwa ce fil, ta tuntsire da dariya.

"Ikilima, yi sauri! Ga ɗan tsakonku can yana kiranki!"

Yara suka kwashe da dariya. Ikilima ta shiga mota ta haɗe rai, ko gaisuwar kirki ba ta yi ba.

"Lafiya, uwata?" in ji Malam Yahuza, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

"Baba, don Allah a canza wa motar nan hon. A sa mai ƙara irin na manyan motoci."

"Wannan ɗin me ya yi miki?"

"Dariya ake yi mini da shi."

Malam Yahuza ya yi murmushi. Ya ce, "In kin je gidan mutane, ihu kike yi musu ko sallama?"

"Sallama, Baba."

"To, hon sallama ce. Wannan ya ishe ni. Kuma shanun burtali sun saba da muryarsa. Kada in ƙara jin maganar nan."

Amma maganar ba ta fita daga ran Ikilima ba.

Burtalin da yake faɗa, hanyar shanu ce da ta ratsa titi kafin a shiga Kiyawa, kusa da wani babban kwalbati. A gefenta rugar Baffa Bubayero take. Duk lokacin da Malam Yahuza ya iso wurin, sai ya rage gudu, ya danna hon sau biyu a hankali, ya jira. Shanu su ɗaga kai, su ga shuɗiyar motar da suka sani, su ci gaba da tsallakawa abinsu.

Kowace Asabar Ikilima takan bi babanta ta gaida kakarta a Kiyawa. A burtalin nan ta yi ƙawa, Mahbuba, 'yar Baffa Bubayero. Mahbuba tana da karsana ja mai farin goshi, sunanta Fure. Mahaifinta ne ya ba ta tun ranar da aka haifi 'yar maraƙar, kamar yadda Fulani ke ba 'ya'yansu. A duk garken nan Fure ce kaɗai tata. Da hannunta ta raine ta, kuma ba ta cin abinci sai ta ga Fure ta ƙoshi.

Ikilima kan taho wa Fure da 'yar kanwa a ƙulle a gefen ɗankwali. Har ta kai da Fure ta ji fit-fit, sai ta bar garke ta nufo mota, ta zura baki ta taga tana lasar tafin hannun Ikilima. Fasinjoji su yi ta dariya.

Ana nan, sai Malam Yahuza ya tafi Taura duba yayansa da ba shi da lafiya. Ya ce zai yi mako guda. Ya bar makullin mota a hannun babban ɗansa Ɗayyabu, wanda bai daɗe da samun lasisi ba.

Tun kafin Malam Yahuza ya isa Taura, Ikilima ta gama shirya abin da za ta faɗa.

"Yaya Ɗayyabu, Baba ya ce in gaya maka, kafin ya dawo a canza hon ɗin nan."

"Shi ya faɗa da bakinsa?"

"Ƙwarai. Ya ce ya manta bai gaya maka ba."

Ta kawar da ido, don ba ta saba ƙarya ba. Shi kuwa Ɗayyabu, da ma abokansa na tasha sun ishe shi da tsiya a kan hon ɗin, bai ƙara tambaya ba.

Washegari da la'asar suka je wurin Falalu mai gyaran wayoyin wutar mota a bakin tasha. Falalu ya buɗe gaban mota, ya kwance tsohon hon, wani ɗan baƙin abu zagayayye kamar murfin kwano. Ya ɗauko sababbi guda biyu, jajaye, dogaye kamar kakaki. Ya ɗaure su, ya haɗa waya, ya sa musu ɗan injin da ke hura iska.

"Ɗayyabu, wannan fa na tirela ne," in ji Falalu. "Kada ka danna shi kusa da mutane."

"Shi ake so," Ikilima ta yi karaf ta amsa.

Falalu ya gwada. "FAAAAM!" Wata mai tallan gyaɗa ta zabura, farantinta ya kife. Ikilima ta yi tsalle don murna. Tsohon hon ɗin kuwa ta cilla shi ƙarƙashin kujerar baya.

Ranar Juma'a Ɗayyabu ya zo ɗaukarta a makaranta, ya danna. Yara suka toshe kunnuwa, Zakiyya ta saki baki. Ikilima ta shiga mota tana taku ɗaiɗai kamar 'yar gwamna. Daɗin da ta ji ke nan, na wuni ɗaya.

Ranar Asabar da hantsi suka kama hanyar Kiyawa, Ikilima a gaba kusa da yayanta. Da suka iso burtali, shanu suna tsallakawa, Mahbuba na bayansu da sanda. Ɗayyabu ya rage gudu ya tsaya.

Fure ta hango shuɗiyar mota. Ba ta ma jira fit-fit ba, ta bar garke ta taho ta gefen kwalbati, tana kaɗa wutsiya, tana miƙo baki.

Ikilima ta so Mahbuba ta ji sabon abinsu. Kafin Ɗayyabu ya ankara, ta miƙa hannu kan sitiyari ta danna da ƙarfinta.

"FAAAAAAM!"

Garke ya watse. Shanu suka bazama cikin gonaki. Fure, da yake ita ce mafi kusa, ta yi tsalle da baya, ƙafarta ta zame daga bakin kwalbati, ta faɗa ramin da ke ƙasa.

Mahbuba ta yar da sanda ta ruga tana kiran sunan Fure. Ikilima ta fito daga mota. Fure na kwance kan duwatsu, ƙafarta ta gaba ta lanƙwashe, tana ƙoƙarin tashi tana faɗuwa.

Baffa Bubayero ya iso da mutanen ruga. Ya shafa ƙafar, ya girgiza kai.

"Karaya ce," ya ce.

Wani daga cikin fasinjoji ya ce, "A kawo wuƙa kawai, kada a yi asarar nama."

Mahbuba ta rungume wuyan Fure ta fashe da kuka. "Baffa, kada a yanka ta! Don Allah, Baffa!"

Baffa Bubayero ya daɗe yana kallon 'yarsa. Sannan ya ce, "A kira mai ɗori. Mu ba ta mako uku. In ba ta miƙe ba, babu yadda za mu yi."

Ikilima ta matso. "Mahbuba..."

Mahbuba ba ta ɗago ba. Ta ce, "Wurinki ta taho. Kanwa ta zo karɓa."

Kanwar na nan ƙulle a gefen ɗankwalin Ikilima. Ta taɓa ƙullin, sai hawaye. Da a ce dukanta aka yi, da ya fi mata sauƙi a kan maganar nan.

Da Malam Yahuza ya dawo, tun a tasha ya ji labari. Ya shigo gida ya zauna kan tabarma, ya kira su su biyu.

"Ɗayyabu, wa ya ce ka taɓa mini hon?"

"Baba, Ikilima ce ta ce kai ka ce."

Malam Yahuza ya juya ya dube ta. Ikilima ta durƙusa.

"Ƙarya na yi, Baba. Ba ka ce ba. Kuma ni na danna. Yaya ya riga ya tsaya."

"Saboda me?"

"Don a daina yi mini dariya."

"To, an daina?"

Ta share hawaye da bayan hannu.

"Dariyar Zakiyya ba ta karya miki ƙafa ba," in ji shi. "Amma ke don ki tsere mata kin yi mini ƙarya, kin ja wa dabbar da ta yarda da ke karaya. Kai kuma Ɗayyabu, babba da kai, ka kasa jiran kwana shida ka ji daga bakina?"

Ɗayyabu ya sunkuyar da kai ya ce, "Na yi kuskure, Baba."

Malam Yahuza bai daki kowa ba. Ya ce Ikilima ta ɗauko tsohon hon da hannunta. Ta rarrafa ƙarƙashin kujera ta zaro shi, ta goge shi da gefen zanenta. Suka koma wurin Falalu, ya kwance jajayen ya mayar da shi mazauninsa.

Daga nan suka wuce ruga. Shanu na hango shuɗiyar mota suka fara ja da baya. Wannan ma ya sosa wa Malam Yahuza rai, don shekara tara yana bin hanyar, ko ɗan maraƙi bai taɓa guje masa ba.

Bayan gaisuwa ya ce, "Malam Bubayero, mun yi maka ɓarna. Ka faɗi yadda za a yi, in nemo wa yarinya wata karsanar."

"Haba, Malam Yahuza, babu wannan tsakaninmu," in ji Baffa Bubayero. "Tsautsayi ne. Sai dai mai saniya ga ta can, ita za a ba haƙuri."

Fure na kwance a inuwa, an ɗaure ƙafarta da karare da tsumma. Mahbuba na zaune kusa da ita tana kore mata ƙudaje.

Ikilima ta durƙusa. "Ki yafe mini, Mahbuba. Baba ya ce zai nemo miki wata."

"Ba na son wata," in ji Mahbuba. "Fure nake so."

Tun daga ranar, duk yamma in an tashi daga makaranta, Ikilima sai ta bi babanta a lodin ƙarshe. Ya sauke ta a burtali da ɗaurin harawa da kwanon dusa, in ya juyo ya ɗauke ta. Ta ɗebo ruwa, ta share wurin kwanciya, ta taya Mahbuba juya Fure. Kwana huɗu Mahbuba ba ta ce mata uffan ba. A na biyar ta miƙo mata rabin furarta.

Mako ɗaya ya wuce, na biyu ya wuce, Fure ba ta miƙe ba. Ikilima ta rame kamar ita ce mai karayar. Duk sallar da ta yi sai ta roƙa wa Fure lafiya.

Ranar da mako uku ya cika, Asabar ce. Ikilima ta bi babanta kamar kullum. Da suka iso burtali ta hango maza tsaye kewaye da Fure, ɗayansu riƙe da igiyar da za a ɗaure ta a yanka. Ta rufe fuska da hannu.

Malam Yahuza ya rage gudu, ya danna hon kamar yadda ya saba. Fit-fit.

Fure ta ɗaga kunne. Ta yunƙura ta koma. Ta sake yunƙurawa, ta kafa gwiwa, ta miƙe tsaye tana rawar jiki. Sai ta fara takowa wajen mota, tana ɗingishi, taku ɗaya bayan ɗaya.

"Ta tashi! Baffa, ta tashi!" Mahbuba ta ƙwala ihu.

Ikilima ta kwance ƙullin kanwa, ta miƙa ta taga. Fure ta zura baki ta lashe tas. 'Yan matan biyu suka rungume juna suna kuka suna dariya. Mai igiya ya naɗe igiyarsa ya sa a kafaɗa.

Fure ta rayu, har ta haifi maruƙa. Amma ɗingishin bai bar ta ba. Kullum ita ce ta ƙarshe a garke, kuma duk lokacin da Ikilima ta hango ta tana jan ƙafa a baya, sai ta ji ciwon abin da ta yi.

Ranar Litinin da aka tashi, motar ta tsaya a ƙofar makaranta, fit-fit. Zakiyya ta ce, "Af, ɗan tsako ya dawo!"

"Ya dawo," in ji Ikilima. "Sallama yake yi." Ta ɗauki jakarta ta tafi, ba ta ko waiwaya ba.

Yara, ku riƙe wannan: kada tsoron dariyar mutane ya sa ku yi ƙarya ko ku ƙetare maganar iyayenku. Dariya takan wuce kafin yamma, amma ɓarnar da aka yi don burgewa, ko an yafe ta, wani ne zai yi ta ɗingishi da ita.