Sanda ta Biyu a Gidan Wasan Hatsue

Rana tana gab da faɗuwa Kuwabara Ikuo ya shiga layin kasuwa mai rumfa a kudancin Osaka, jakar kayan aiki a kafaɗa. Ƙanshin soyayyen kifi ya cika layin, amma bai motsa masa yunwa ba. Tun da matarsa ta rasu a farkon bazara, abinci da barci da aiki duk suka zame masa abu ɗaya. A kira shi ya je, ya gyara, ya koma gida.

Sana'arsa gyaran akwatunan wasa, irin waɗanda ake jefa wa sulalla. Sandar da 'yan wasa ke murzawa da maɓallan da suke duka su ne ke fara mutuwa, su yake canzawa.

Gidan wasan tsohuwa Hatsue yana ƙarƙashin ƙasa. Warin taba da ƙura mai ɗumi suka tare shi tun daga matakala. Ta riga ta sallami mutane.

"Kuwabara-san, ka rame kamar tsinken cin taliya," in ji ta. "Akwatin lungu ne kuma."

"Obachan, ai watan jiya na sa masa sabuwar sanda," ya ce. Haka ake kiran tsohuwa a can.

"Je ka gani da idonka."

Akwatin wasan faɗa ne na mutum biyu, sanda biyu a jere. Ta hagun ta yi laƙwas, tana lilo. Ta daman kuwa kamar yau aka ɗaura ta.

"Wa yake yi mata wannan cin?"

"Ba mai zama a nan," ta ce ƙasa-ƙasa, idonta a bango. "Yara sun ce kujerar sanyi gare ta."

Ya zare wayar wuta daga bango, gilashin ya yi baƙi. Ya yanke shawarar ƙarfafa ta gaba ɗaya: farantin ƙarfe a ƙasa, sifirin mai tauri, noti biyu. Hatsue ta haura sama ta sauke ƙofar shago.

Ya durƙusa, ya buɗe cikin akwatin, ya cusa hannun dama har kafaɗa, tocila a baki. Ya shafa giris. Ya ɗaure notin farko.

Sai ya ji kwandala ta faɗa. Ƙwal. Ta gangara ta kusa da kunnensa, ta sauka cikin gwangwani.

Kujerar da ke gefensa ta yi ƙara, irin ta an zauna.

Gindin sandar ya motsa a tafinsa. Ƙasa, gaba, ƙasa. Maɓallai suka fara ƙas-ƙas-ƙas a saman kansa. Daga inda yake yana ganin wayar wutar yashe a ƙasa.

Warin rigar da ta daɗe a jiƙe ya cika masa hanci.

"Ta yi tauri," wata murya ta raɗa. Ba ta namiji ba ce, ba ta mace ba. "Me ka yi mata?"

Ya ja hannu. Hannun ya ƙi fitowa. Wani abu mai sanyi ya riƙe masa yatsu biyu daga can ciki, inda babu komai sai wayoyi.

"Na gaji da wasa ni kaɗai. Kai ma ba mai jiranka a gida. Zauna."

Abin da ya fi damunsa daga baya shi ne bai ji tsoro ba. Maganar ta shige shi kamar gaskiya. Ya saki jiki.

Sanyin ya haura gwiwar hannu.

Ya kai kafaɗa.

Tocilar ta faɗi, ta mutu.

"Ikuo!"

Hatsue ce. Ta damƙi bel ɗinsa da hannu biyu tana zaginsa. "Sakarai! Tashi! A shagona za ka mutu?" Ta fizga, suka zube tare. Gefen ƙarfe ya saɓule masa fata tun daga wuyan hannu, jini yana ɗiga, shi kuwa kallo kawai yake.

Ta ja shi suka haye matakala. A bayansu maɓallan ba su daina ƙara ba.

Ciwon ya warke, amma yatsun nan biyu ba su sake jin komai ba. Likita ya soka allura, ya duba hoto, ya ce bai ga dalili ba.

Hatsue ba ta yarda a ɗauke akwatin ba. Ta ce in aka raba abin da ke ciki da wasansa, wa ya san gidan da zai bi? Ta kewaye shi da igiya, ta manna takardar tsari daga wurin ibada. Ikuo ya koma da rana tsaka ya cire farantin ƙarfen, ya mayar da sifirin mai laushi.

Da lokacin kaka ya shigo Hatsue ta sake kiransa. Wannan karon ba ta tsokane shi ba, nuni kawai ta yi masa da haɓa.

Sandar dama ta fara lilo. A kan ƙurar da ta lulluɓe kanta akwai shatin yatsu biyu.

Ikuo ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗora nasa biyun da suka mutu a kai, suka zauna daidai.