Ruwan Kogon Kanheri

Magariba ta kawo jiki a unguwar Borivali, Ammi tana murza gurasar chapati, sai dutse ya faɗo a kan kwanon ɗakin. Ta zagi yaran maƙwabta. Na biyu a tsakar ɗakin ya faɗo, alhali taga a rufe take. Baƙi ne, jiƙe sharkaf.

Ɗanta Shoeb ya gane dutsen. Shekaru ya yi yana walda a Maskat, ya zo hutu, gidan ya yi masa ƙunci tun ranar farko. Don ya sha iska ne ya ja ƙanwarsa Nilofar zuwa kogunan Kanheri da mabiya Buddha suka sassaƙa a dajin tsakiyar birni. A can ƙishirwa ta kama ta. Ya zura gora cikin ramin ruwan da ke bakin wani kogo ya ba ta, ba sallama, ba bismillah.

Tun daga ranar Nilofar ta tanƙwashe ƙafa a kusurwa, idonta rabi a rufe kamar gumakan can. Randar gidan kullum sai ta wayi gari a bushe. In rana ta faɗi, a riƙa jin gunji daga cikin randar, kamar taron mutane na karatu a ƙarƙashin ƙasa.

Aka ɗauko Hafiz Mukadam, limamin unguwa. Ya daɗe yana karatu kafin bakin yarinyar ya motsa.

"Wane ne kai?"

"Mai gadi." Muryar tsoho ce. "Masu jan mayafin da suka sassaƙa kogon ne suka ɗora ni a kan ruwan nan, suka ce in jira su. Ina jira."

"Ƙasa ta daɗe da cinye su. Fita daga jikin 'yar mutane."

"Ruwana na cikinta."

"Bawan Allah, a kan gora ɗaya?" Ammi ta fashe da kuka. "Tanki zan cika maka!"

"Ba yawan ba ne, uwa. Dubbai ke wucewa, ba mai ce mini sannu. Wanda ya ɗiba ya mayar da ruwan da hannunsa. Duk Alhamis, gora guda, da sallama, har damina ta tumbatsa ramin."

"Jibi jirgina zai tashi," in ji Shoeb. "In ban koma ba, wani za su ba aikina."

Kan Nilofar ya juyo a hankali.

"Ni ma da akwai inda na so zuwa, yaro."

Shoeb ya dubi leɓen ƙanwarsa da ya tsattsage.

"Na yarda."

Ta sulale ƙasa. Da ta buɗe ido sai ta ce, "Yaya, meye kake kallona haka? Ammi, akwai shayi?"

Ranar Alhamis ya hau matakalar dutsen da gora a hannu, birai na binsa da ido. Ya yi sallama, ya juye ruwan. Can sama wani jirgi ya nufi teku. Sararin fes, ko alamar hadari babu.

Daga cikin ramin aka amsa masa.