Murfin Rijiyar Kufai

Rana ta yi ja, kaji sun fara shiga akurki, Magini na tsugune a tsakar gida yana wanke siminti daga hannunsa, sai dutsen farko ya faɗo a kan kwanon ɗaki. Ƙarar ta daɗe tana yawo a gidan kafin ta kwanta.

"Yaran unguwar nan ba sa jin magana," in ji shi. Ya leƙa waje. Ko kare babu a lungun.

Na biyu a gabansa ya faɗo, baƙin dutse ƙarami, jiƙe sharkaf, alhali an daɗe ba a ga hadari ba. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Kaka, ta ɗauka ta shinshina, ta ajiye a hankali. Sai ta ƙura wa sabon dutsen bakin ƙofar ɗaki ido.

Shi dai Magini haka Allah ya yi shi, ba ya iya ganin dutse mai kyau yana kwance a banza. Wani abinci ke ɗauke masa hankali, wani sutura, shi kuwa dutse. Kwanaki ya bi ta kufan tsohon gari da ke bayan tudu, ya ga wani faffaɗa cikin ciyawa, sumul kamar an goge. Ya kira mai amalanke suka kinkimo shi. A ƙarƙashinsa akwai rami mai duhu, ya tura masa ƙaya ya yi gaba. Da aka zo gida dutsen ya fi ƙofar tsawo da kamar tafin hannu, gogan naka ya sa guduma ya sare gefen, ɓarɓashin kuma ya tafi da shi wurin aiki ya zuba a kankare.

A kan dutsen nan 'yarsa tilo, Auta, ta koma zama kullum da yamma tana jiran dawowarsa. Da ta ji motsinsa a zaure za ta zabura da gudu, "Baba, oyoyo!" ta karɓe jakar kayan aiki, ko da ta fi ƙarfinta. Duk gajiyar da ya kwaso, a nan take sauka.

Jifa ya ci gaba, kullum da faɗuwar rana. Sai murya ta biyo baya, can ƙasa ƙarƙashin dutsen, kamar mai kira daga cikin rijiya. Wata yamma ya dawo, babu oyoyo. Auta na zaune a wurinta, gashinta na ɗigar da ruwa, jikinta sanyi ƙalau. Uwarta na gefe tana rusa kuka.

Ranar ce Kaka ta yi magana.

"Kai ɗan nan, a ina ka ɗauko dutsen nan?"

Ya faɗa mata. Ta dafe kai.

"Wayyo ni! Yaran yanzu, kun san hanyar ko'ina ban da tarihin inda kuka fito. Lokacin da mutanen da suka tashi daga kufan nan, duk rijiyoyinsu sun cike su da ƙasa, ban da guda ɗaya. Waccan da masu ita a ciki. Aka yi alkawari, su a ƙasa, mu a sama, aka rufe musu da dutse don rana ba ta yi musu. Ƙofar gidan mutane ka ciro ka kawo mana."

Auta ta daina ci, ta daina magana. Ƙafa ba ta iya ɗaukarta, amma ƙarti biyu suka kasa ɗaga ta daga kan dutsen. Magini yana kallo 'yarsa tana ƙarewa a gabansa, sai ya aika a ɗauko malami.

Malamin da aka ɗauko wani tsoho ne siriri, ba shi da yawan magana. Ya jira inuwa ta cika tsakar gida, ya zauna gaban yarinyar ya fara karatu. Gari ya yi tsit. Can sai Auta ta ɗago kai, muryar wata tsohuwa ta fito daga bakinta, mai amo kamar daga rami.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni, kuma ba ni na fara ba."

"Me yarinya ta yi miki?"

"Me nawa yaran suka yi wa ubanta? Kullum rana a kansu. Fatarsu duk ta saɓule."

"Gobe za a mayar miki da murfinki. Ki sake ta."

"A mayar da shi cikakke."

Malam ya juyo ya dubi Magini. Magini ya sunkuyar da kai.

"Na sare gefen," ya ce. "Amma zan toshe da siminti, wallahi ko iska ba za ta..."

Dariyar da ta fito daga bakin Auta ta sa uwar toshe kunne.

"Siminti! Ta wannan gurbin rana za ta riƙa shigo mini har abada. Ka sari nawa, ni ma zan sari gwargwadonsa."

"Ban da ranta," in ji Malam da ƙarfi. "Ban da hankalinta, ban da ko gaɓa ɗaya a jikinta."

"To a ina zan sara?"

Malam ya ɗaga hannu zai tsayar da shi, amma Magini ya riga ya durƙusa, ya miƙa hannunsa na dama, wanda yake ci da shi.

"A wurina. Ni na yi, ki sara a wurina."

Tsohuwar ta dube shi ta cikin idanun Auta.

"Na karɓa. A wurinka."

Auta ta yi atishawa, ta sulale jikin uwarta tana barci. Jikinta ya fara ɗumi. Malam ya tashi ya sa takalminsa, bai yarda ya haɗa ido da Magini ba.

Washegari Magini ya mayar da dutsen, ya daidaita shi a bakin ramin yadda ya same shi. A hanyar dawowa sai jujjuya hannunsa yake, yana lanƙwasa yatsu. Lafiyarsu ƙalau. Har ya fara murmushi, bawan Allah, yana cewa a ransa ashe tsohuwar tana da tausayi.

Da yamma lis ya iso. Tun daga zaure ya jiyo dariyar Auta, tana tsokanar Kaka wai ta fi ta cin abinci. Farin ciki ya cika shi har idonsa ya kawo ruwa. Ya yi sallama, ya sauke jakar kayan aiki daga kafaɗa, ya miƙa ta gaba yana jira.

Auta ta ɗago ta dube shi. Ta gyara ɗankwalinta, ta ɗan rusuna cikin ladabi.

"Sannu da zuwa," ta ce. Sai ta juya wajen ɗakin girki. "Mama, ki fito, kin yi baƙo."