Rijiyar da Yayanku Ya Fasa

Ku matso nan, ku duka. Kai ma, ajiye wayar nan, ba da bango nake magana ba. A kan Auta na tara ku, kuma ba zan maimaita ba.

Kun san kwalejin da Auta take koyar da ɗinki a ciki ta yi wa ɗalibai kaɗan, har wasu a baranda suke ɗaukar darasi. Da aka tashi ƙara gini, yayanku aka ba zanen. Ya ce zai yi ginin da ba ya cin wuta, ba ya ɓarna: farantan sola a sama, tankin ruwan sama a gefe, bulon ƙasa maimakon na siminti. Na sa albarka. Amma a tsakiyar filin akwai tsohuwar rijiya da aka rufe da kankare mai kauri, aka ɗaure da ƙarfe. Shi da mutanensa, da yake ba sa iya ganin abu a ajiye su ƙyale shi, suka fasa murfin. Wai sanyin cikinta asara ne. Suka binne bututai daga wuyan rijiyar zuwa kowane aji, iska ta riƙa fitowa ta wata raga a ƙasan bango, a huta da na'urar sanyi. Duk karatunsu, babu wanda ya tsaya ya tambayi abin da zai sa mutum ya rufe rijiya mai ruwa har ya haɗa da ƙarfe.

Ranar da aka kai kekunan ɗinki sabon ajin, Auta ta tare shi a ƙofa.

"Yaya, ginin nan naka wari yake yi."

"Ƙanshin ƙasa ne, Malama. Hancinki ya saba da man keke."

"To Allah ya ba ka lambar yabo, mu kuma ya ba mu lafiyar hanci."

Ya yi dariya ya shiga motarsa.

Da yamma ta tashi aiki, har ta kai bakin titi sai ta tuna ba a lulluɓe kekunan ba. Rana ta yi ja, ma'aikata sun watse. Ta ja tsaki ta koma.

Ƙofar gilashin ta ja kanta ta rufe a bayanta. Haka aka yi ta, don kada sanyi ya tsere. Ajin tsit. Ɗan hasken da ya rage yana saukowa ta tagogin sama. Warin ɗanyar laka ya cika wurin, da wani ƙarni a ƙarƙashinsa, irin na tulun da aka manta da ruwa a ciki.

Ta fara lulluɓe kekuna. Wani ƙyallen yadi ya faɗo daga tebur. Ta sunkuya za ta ɗauka, ƙyallen ya ja ciki a kan daɓe ya nufi ragar bango. Ya tsaya. Ya dawo gindin ƙafarta. Ya sake komawa.

Iskar bututun fitowa kawai take yi, yayanku da bakinsa ya gaya mata. Wannan kuwa tana fitowa, tana komawa.

Auta ta riƙe numfashi don ta ji da kyau.

Ƙyallen ya tsaya cak.

Ta saki. Ya motsa.

"Wa ke nan?" Muryarta ko bango ba ta kai ba.

Keken da ke ƙarshen layi ya taka kansa. Allura ta sauka, ta hau, ta yi shiru.

"Auta."

Muryar yayanta ce. Amma daga ƙasa ta fito, a jiƙe, kamar mai magana da ruwa a baki.

"Yaya, ba na son wasan banza."

"Sunkuyo ki ji sanyi."

Ta ja da baya. Ragar ta zuƙa. Bakin gyalenta ya tashi ya shige tsakanin ƙarafan, aka fizga. Gyalen ya shaƙe mata wuya. Gwiwoyinta suka bugi daɓe.

Aka ci gaba da ja, a hankali, ba gaggawa.

Kumatunta ya taɓa ƙarfe. A bayan ragar duhu ne, cikin duhun kuma wani abu fari yana buɗewa yana tsukewa.

Ya zuƙe numfashin bakinta kaf.

Ya mayar mata da wani, mai sanyi, mai ɗanɗanon laka.

Hannunta ya laluba aljihu. Almakashi. Ta kira sunan Allah a zuci, don baki ba iska, ta datse gyalen dab da wuyanta.

Ta fita a guje. Doguwar barandar raga ce bayan raga, kowacce ta wuce sai ta ji sunanta.

Ƙofar waje ta ƙi buɗuwa. Ginin na zuƙarta ciki. Ta jira har ginin ya saki numfashi, sannan ta sa kafaɗa.

Zafin waje ya mare ta. Ba ta waiwaya ba.

Haka ta shigo mini, ba takalmi, da guntun gyale a wuya da shatin raga a kumatu. Na aika aka kira mini yayan nan naku. Ya zo yana kaɗa makullin mota.

"Mama, bambancin zafi ne tsakanin ciki da waje. Shi ke jan iska. Sauran kuma gajiya ce."

"Ni za ka karanta wa zafi? Taɓa hannun ƙanwarka."

Ya taɓa. Ya janye da sauri ya sa hannun a aljihu. Amma bakin nan nasa bai mutu ba.

"An riga an raba katin buɗe gini, Mama. In na toshe bututun, ginin ya zama tanda, ni kuma na zama abin dariya."

"Gara a yi maka dariya da a yi mini gaisuwa."

Tun daga ranar Auta ba ta yi gumi ba. Ana wannan zafin, ita tana cikin bargo. Ɗakin da ta zauna sai ya yi sanyi, 'ya'yanku suna rububin kwanciya a ƙofarta suna jin daɗi, ni ina korarsu da sanda kuna ce mini tsohuwa ta fara rikicewa. An yi mata addu'a, an kai ta asibiti, likita ya canza abin awon zafin jiki ya sake aunawa, bai gano ciwon ba.

Shi kuwa mai taurin kai, don ya ƙaryata ta, ya je ya wuni shi kaɗai a ajin. Ya dawo ya ce bai ga komai ba. Jiya matarsa ta zo ta raɗa mini ya fara neman bargo.

Kar ku kalle ni, su za ku kalla. Auta tana can kusurwa, shi yana nan bakin ƙofa. Ku dubi ƙirjinsu. Tare yake hawa, tare yake sauka, tun da kuka zauna nake lura.

Mako mai zuwa za a zuba 'ya'yan mutane a ajujuwan nan. Ni na haife shi, amma ba na jin zai ƙara jin maganata. Ku ne 'yan'uwansa. Ko ya mayar da murfin rijiyar nan da hannunsa, ko in sa takalmina in je gaban shugabar kwalejin in faɗi komai, sunansa ya zube inda zai zube. Ga ku, ga shi. Ku yanke kafin wani ya tashi daga nan.