Takalman Farfesa a Bakin Ƙofa

Ranar da Makarantar Koyon Kasuwanci ta Gindin Dutse da ke Birnin Kudu za ta ƙaddamar da karatun digirin digirgir, an kafa rumfuna an jera kujeru tun da hantsi, sai wata mata ta sauko daga motar Kano ta tsaya ƙiƙam a gaban allon sanarwa. A jikin allon akwai hoton Farfesa Nu'uman, an rubuta shi ne zai jagoranci sabon karatun. Ta ce sunanta Raliya, a waya ta ga sanarwar. Wannan mahaifinta ne, kuma yau watansa uku a kabari.

Sufeto Barau aka turo. Shi dai ba ya cikin masu yarda da fatalwa, amma da aka shimfiɗa masa takardun sai da ya gyara zama. Ba a ba makaranta izinin irin wannan karatu sai tana da farfesa zaunanne, kuma Nu'uman kaɗai gare su. Sati uku da suka wuce masu tantancewa sun zo daga Abuja, sun shiga ofishinsa, sun gaisa da shi hannu da hannu. Ga takardar shaidar cewa yana nan, da sa hannun sakatariyarsa, Barira.

Shugaban makarantar, Alhaji Kamaluddeen, ya miƙo fasfo: yana Umara lokacin, shekaranjiya ya dawo. Abin da ya sani kawai shi ne Farfesa ya shekara yana jinya a ƙauyensu. Ya ce ko Barira ta yi ƙarya ko kuma iskokai ne suka taɓa ta, a tafi da ita kafin baƙi su iso. Manya kenan, ba sa shan wahalar samun wanda za su ɗora wa laifi. Barau ya ce a dakatar da taron, kuma kada kowa ya fita.

Magatakardan makarantar, Malam Abdulnasir, shi ya zagaya da baƙin Abuja. Ya ce shi ma yaudararsa aka yi. Ya ga mutum da tabarau da takunkumin fuska, an ce an yi masa aiki a maƙogwaro ba ya magana, har ya yi murna Farfesa ya samu sauƙi. Labarin rasuwa kuwa, wallahi yau ya fara ji.

A ofishin Farfesa Barau ya samu Barira. Ɗakin tas, ba ƙura ko kaɗan, ƙamshin turaren mutumin yana nan kamar yanzu ya fita alwala. Shekara tara tana masa aiki, kuma kullum sai ta goge teburin. Ta rantse cewa ta gan shi. Babbar rigarsa ce ruwan toka, wadda ita da kanta ta taɓa kai wa tela ya gyara aljihunta. Har shayi ta kai masa ya sha.

Barau ya ji tausayinta. In ba a samo mai rigar ba, ita za ta kwana a ofishin 'yan sanda, kuma garin nan har ta mutu mahaukaciya zai kira ta.

"Me kika fara gani da kika kawo shayin?"

"Takalmansa, ranka ya daɗe. A bakin ƙofa."

"Ya saba cirewa?"

Ta ce, "Bai taɓa ba."

Ya fita ya tambayi Raliya wa aka ba rigunan mahaifinta bayan rasuwa. Ta ce su tafi ƙauyen kawai, zai gani da idonsa.

Motarsu ta kai su Gwaram, daga nan sai babur, don ruwan damina ya cinye hanyar Zandam, ƙauyen su Farfesa. Suka tsaya a bakin wata gona. Dawa ta yi tsayi ta fi mutum, ba motsin kowa. Can sai karan ya dare, mutumin da ke jikin allon sanarwa ya fito yana dubansu. Goshin nan, idanun nan, har ɗan karkata kan. Barau da ba ya yarda da fatalwa sai da ya ji bakinsa yana karanto abin da ya sawwaƙa.

Raliya ta durƙusa ta ce, "Baba Dabo, ina wuni." Ƙanin marigayin ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Dattijon bai yi gardama ba, kamar ma jira yake a tambaye shi. Ya ce ranar da Yaya ya cika, lamba ɗaya ya samu ta makaranta a wayar marigayin, ya kira. Mutumin ya taso cikin ruwa, ya samu jana'iza. Ya ce a bar masa sanar da makaranta, ana hutu, shi zai yi. Bayan sadakar arba'in ya dawo da magana: wai aikin Yaya na shekara goma zai bi ruwa in baƙi ba su gan shi ba. Shi Dabo zama kawai zai yi a madadinsa ya miƙa hannu. Shi kuwa ya ga kamar taimakon Yaya ne, ya sa rigar. Tun ranar bai ƙara taɓa ta ba, ko kallon ƙusar da take rataye ba ya son yi.

"Wane ne mutumin?"

"Sunansa ya shige mini. Amma ni da shi muka shiga kabari muka karɓi Yaya. Ba zan manta fuskarsa ba."

Bayan la'asar suka dawo tare da Dabo. Baƙi sun watse, kujeru ne kawai a jere suna fuskantar hoton. Barau ya tara Alhaji Kamaluddeen da Malam Abdulnasir da Barira da Raliya a ofishin Farfesa ya yi bayani a taƙaice. Mutum ba ya cire takalmi don shiga ofishinsa. Baƙo ne ke cirewa, wanda ya taso da ganin girman ɗakin na gaba da shi. Rigar kuwa ta gaske ce, kuma tufafin mamaci danginsa suke komawa. To wa ya san akwai ƙani mai kama da shi a Zandam, in ba wanda ya je can ba?

Ya leƙa ya kira Dabo. Dattijon ya zo bakin ƙofa, ya sunkuya ya cire takalmansa, sannan ya shigo. Barira ta ƙura wa takalman ido.

Dabo ya dubi Malam Abdulnasir ya ce, "Sannu Malam. Ya ƙarin haƙuri?"

Magatakardan ya zauna daɓas. Sunansa ne na farko a jerin ɗaliban sabon karatun. Shekara ashirin da biyu ana ce masa Malam, yaran da ya koyar suna dawowa a Dakta, kuma in Farfesa ya mutu a takarda shi kenan ya tsufa a haka. Ya ce a zuwansa na farko da zuciya ɗaya ya je. A cikin kabarin ne ya ɗaga kai ya ga fuskar Dabo. Barau ya sa masa ankwa, ya ce wa dattijon shi ma zai biyo su ya ba da bayani.

Ya gaya wa Barira ta tafi gida, ba ta da laifi. Ya zaci za ta yi murna. Ita kuwa teburin take kallo, wanda ta goge da safe.

"Ashe da gaske ya rasu," ta ce a hankali. "Wata uku, ba wanda ya gaya mini."

Ta ɗauki mayafinta ta je gaban Raliya ta durƙusa, ta yi mata ta'aziyya.